Mai Shaye-shaye a Gidan Yari: Aikin Ciki da Aikin Gari

Jama'ar ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi, wannan takarda taku ce. Magana ce a kan 'ya'yanmu da shaye-shaye ya kai gidan yari, da yadda za a yi su fito da sauran amfani.

Idan aka kama yaro a ƙauye kamar Ɗantutture da akuyar maƙwabci, ko ya sari wani a wurin biki, abin da ke shiga takardar alƙali shi ne sata ko jin rauni. Ƙwayar da ta ingiza shi ba ta shiga takarda. Alƙali ya yanke masa wata shida, ko ya ce a ajiye shi sai zama na gaba, iyaye su kama hanyar gida suna cewa, "Gara haka, ya je can ya yi hankali." Wannan zato shi ne muke so mu warware, domin ya ci gidaje da yawa.

Ku fara sanin girman abin. A shekarar 2018 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, sun yi bincike a faɗin Nijeriya. Sun gano cewa mutum miliyan 14.3, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun taɓa kayan maye a shekarar da ta gabaci binciken. Masu wiwi miliyan 10.6 ne, masu tiramol da danginsa miliyan 4.6, masu maganin tari miliyan 2.4. Yankinmu na Arewa maso Yamma yana da kimanin miliyan 3, kuma a faɗin ƙasar, a cikin kowane mutum huɗu masu shaye-shaye ɗaya mace ce. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan BBC ta nuna ɓarnar da yake yi a Kano. Kodin ya yi tsada, amma wanda jikinsa ya riga ya kamu bai daina ba, sai ya koma roci, ko sholisho, ko duk abin da kuɗinsa ya kai.

Daren farko

Wanda ya saba da tiramol safe da yamma, ranar da aka rufe shi ba a daɗewa jikinsa zai fara tambaya. Hamma ba iyaka, hawaye da majina kamar mai mura, gumi ga kuma sanyi, gaɓoɓi suna ciwo har cikin ɓargo, ga zawo, ga amai. Barci ya ƙaura. Ƙafafunsa ba sa zama wuri ɗaya, yana shure na kusa da shi, a ɗakin da ko wurin juyi babu. Na kusan ya farka ya zage shi, wani ya kai masa mangari, da safe a ce sabon zuwa ya cika fitina. Alhali ciwo ne yake ci. Galibi abin kan lafa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Na mai roci da sauran ƙwayoyin sa barci ya fi haɗari, don yankewa farat ɗaya kan jawo farfaɗiya, har a rasa rai. Wannan aikin likita ne, ba na haƙuri kaɗai ba.

To, ciwon jiki ya wuce, saura na zuciya, wanda shi ne mai daɗewa. Mutum na zaune ba aiki, ba ya sanin ranar fita, tunda kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a ƙasar nan jiran shari'a suke yi. Yana tunanin kunyar da ya ja wa uwarsa, yana tunanin wanda ya kai ƙararsa. Kuma kada wani ya ruɗe ku cewa katanga na hana ƙwaya shiga. Ko a ƙasashen Turai ba ta hana ba. Yaron da ya shiga da sanin wiwi kaɗai yana iya fitowa ya san dila uku da hanyoyin sata biyar.

Doka ta san da haka. A shekarar 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta mayar da hukumar gidajen yari Hukumar Gyaran Hali. Dokar ta ɗora mata gyaran ɗaurarre da shirya shi komawa cikin jama'a, ta kuma tanadi hukuncin da ba na kulle ba, kamar yi wa al'umma aiki da sakin mutum bisa sharaɗi. Ƙa'idojin Mandela, da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, sun ce ɗaurarre na da haƙƙin samun kulawar lafiya irin ta na waje, har da maganin kamuwa da ƙwaya. Sai dai doka ba ta kwana a ɗaki da fursuna. Gandiroba ya kulle ƙofa da yamma ya tafi, malamin asibiti yana da mutane da yawa a wuyansa. Daga magariba zuwa wayewar gari, wanda ke tare da mai ciwon nan ɗan'uwansa ɗaurarre ne.

Wanda ya bari, shi zai riƙe wanda bai bari ba

Ga shawarar da muke kawowa. A kowane gidan gyaran hali, na Dutsin-Ma ne ko na Katsina ko na Funtua, ba a rasa mutum biyu ko uku da suka sha, suka gaji, suka bari, kuma kowa a ciki ya shaida sun bari. A zaɓo irin waɗannan, a koya musu aiki, a haɗa kowane ɗaya da sababbin zuwa biyu ko uku.

Me ya sa su, ga malamai, ga ma'aikata? Domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan liman ya ce wa ɗan ƙwaya haramun ce, ya riga ya sani, ya ji tun yana makarantar allo. Idan gandiroba ya yi masa magana, tsoro yake ji, sai ya ce "to, ranka ya daɗe" don a rabu lafiya. Amma ranar da wani ya zauna kusa da shi ya ce, "Ni ma goma nake watsawa kafin in fita acaɓa. Daren nan na uku shi ne mai wuya, sha ruwan nan, jibi za ka iya cin gabza," to wannan magana ta shiga. Ba ya kuma iya yi masa ƙarya, don duk wata dabara da zai kawo, wancan ya riga shi yin ta.

Wannan ba sabon abu ba ne a duniya. A 1935, a garin Akron na Amurka, wani dillalin hannun jari da wani likitan tiyata, dukansu giya ta gama da su, suka lura cewa idan suna zama suna gaya wa juna gaskiya sukan iya haƙura. Daga nan ƙungiyar mashaya masu taimakon juna ta samo asali, kuma a 1942 ta shiga kurkukun San Kwantin. A 1953 masu ƙwaya suka kafa tasu a Kalifoniya. A Birtaniya kuwa, bayan wani yaro ɗan shekara 15 ya kashe kansa a kurkukun Suwansi a 1990, sai ƙungiyar Samaritans ta fara koya wa fursunoni sauraron 'yan'uwansu da ke cikin ƙunci. An fara a 1991, yau kusan duk gidajen yarin ƙasar suna yi. Mu ba sai mun kwaikwayi kowane tsari nasu ba. Muna da masallaci a ciki, muna da zaman hira bayan la'asar, a nan za a dasa abin.

Amma a yi hattara wajen zaɓe, don nan ne ake ɓata rawa da tsalle. Kowane ɗaki yana da shugabansa da 'yan korensa, masu raba wurin kwana, kuma ba lalle ne mai ƙarfi ya zama mai amana ba. Idan aka ba irin wannan aikin, ya sami sabuwar hanyar karɓar sabulu da kuɗi ke nan. A nemi mai sanyin hali, mai riƙe sirri. Kada a mai da shi ɗan leƙen asirin ma'aikata, domin ranar da aka gane yana kai rahoto, ba mai sake buɗe masa ciki. Abu biyu kaɗai zai kai gaba ba tare da jinkiri ba: wanda ke maganar kashe kansa, da wanda jikinsa ya rikice. Kada ya ba kowa magani. Shi ma kansa a riƙa zama da shi duk mako ana jin damuwarsa, don mai jan wani daga ƙwaya yana iya zamewa, kuma in ya zame a sauke shi cikin mutunci, ba da tozarci ba.

Bakin ƙofa

Yanzu ga inda aikin ya zama naku.

Ranar sallama, ana buɗe ƙaramar ƙofa, mutum ya fito da leda ɗaya, da kayan da aka kama shi da su, wataƙila sun yi masa yawa. Ba kuɗin mota. Idan ba wanda ya zo daga gida, akwai waɗanda ba sa mantuwa: abokan majalisa. Su za su zo da babur, su za su saya masa shayi da burodi, su kuma za su ce a yi murnar fitowa.

Ku ji abin da yawancin iyaye ba su sani ba. Wanda ya yi watanni bai sha ba, jikinsa ya manta da yawan da ya saba ɗauka. Idan ya fito ya watsa goman nan tasa ta da, tana iya tsayar masa da numfashi. Wani bincike da aka buga a 2007 a kan fursunonin jihar Washinton ta Amurka ya nuna cewa a mako biyun farko bayan fita, haɗarin mutuwarsu ta hanyar zarce ƙima ya ninka na sauran jama'a sau 129. Ƙwayoyinsu sun bambanta da namu, amma jikin ɗan Adam ɗaya ne. Saboda haka mako biyun nan kada a bar shi shi kaɗai, kada kuma a damƙa masa kuɗi masu yawa da sunan jari.

Shiri kuwa tun yana ciki ake fara shi. Wata guda kafin fita, uba ko wa ko kawu ya je ziyara, a zauna da jami'in walwala na gidan, da wanda ya riƙe yaron a ciki, a tsayar da magana: ina zai kwana, wa zai ɗauko shi, aikin me zai tashi da shi washegari. Mai unguwa ya sani, dagaci ya sani. Idan akwai wanda aka yi wa laifi, a je a ba shi haƙuri tun kafin su haɗu a hanya. Fadar Yandaka a Dutsin-Ma da ta Maraɗi a Kurfi, in suka ce wa masu unguwanni wannan aiki nasu ne, zai zama nasu.

Masu sana'a, ku ne ƙashin bayan abin. Kafinta, mai walda, tela, bakanike, mai lambu a bakin madatsar Zoɓe, ɗan kasuwar Laraba mai neman yaron shago: mutum ɗaya kowannenku zai ɗauka. Mun san abin da za ku ce, "In ya sace mini kaya fa?" Tambaya ce mai kyau, kuma ba za mu ce ba ya faruwa ba. Shi ya sa ake son mai tsaya masa daga dangi, a kuma fara shi da aikin da ba kuɗi a ciki, a biya shi kullum kaɗan-kaɗan. Wanda ya gaji da aiki tun safe barci yake nema da dare, ba majalisa ba.

Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da aka kafa a 2011, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita suna da malamai da ɗalibai da za su iya shiga, da izinin hukuma, su koyar da karatu da lissafi, su kuma horar da masu riƙon nan. Hukumar NDLEA, wadda da yawa suka sani da kame kawai, tana da sashen ba da shawara da gyaran masu shaye-shaye, da lambar waya ta kyauta, 080010203040. Wanda abin ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, akwai asibitocin Barnawa a Kaduna, Dawanau a Kano, da Kware a Sakkwato.

Malamai kuma, a sassauta harshe a kan mumbari. Ya tabbata a Sahihul Buhari cewa an sha kawo wa Annabi (SAW) wani mutum saboda shan giya, da wani ya la'ance shi sai Annabi ya hana. Hukunci daban, tsinuwa daban. Yaron da ya ji ana nuna shi da baki a sahu ba zai dawo sahun ba.

Wani zai ce, ai da gidan mari ake kai su. Mun ga abin da aka tarar a 2019, lokacin da 'yan sanda suka buɗe irin waɗannan gidaje a Rigasa ta Kaduna, da Daura, da cikin birnin Katsina: ɗaruruwan mutane, wasu da sasari a ƙafa, da tabon bulala a baya. Iyayen da suka kai su ba mugunta ta sa su ba, rasa yadda za su yi ne. Amma sasari ƙafa yake riƙewa, ranar da aka kwance, sha'awar tana nan inda aka bar ta.

Idan ya koma fa? Da yawa sukan koma, sau ɗaya ko fiye, kafin su bari gaba ɗaya, kuma likitoci sun ɗauki hakan a cikin halin ciwon. Kada a kore shi daga gida, a nemo wanda ya riƙe shi ko wani da ya bari, a sake ɗaura niyya. In kuwa kuka tarar da shi a kwance, ana kira ba ya amsawa, numfashinsa na fita da ƙyar ko yana wani irin minshari, leɓɓansa sun sauya launi, kada ku ce barci ne zai wartsake. Kada a ɗura masa madara ko manja, yana iya shaƙewa. A kwantar da shi ta gefe ɗaya, a nemi mota zuwa Babban Asibitin Dutsin-Ma ko na Kurfi nan take, a tafi da fankon abin da ya sha, a gaya wa likita gaskiya ba tare da ɓoye-ɓoye ba.