Tsawon Ƙota da Iyakar Tsoka: Darasi Daga Sandar Wasan Golf

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa faskare ya san cewa gatari mai doguwar ƙota ya fi cin itace, amma kuma ya fi wuyar saitawa. Wannan matsalar ce take damun masu wasan golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, idan sun zo zaɓen sandar da ake kira direba, wato wadda ake yin bugun farko na nesa da ita. A wannan maƙala za mu duba yadda tsawon ƙotar sandar yake shafar bugu, da kuma dalilin da ya sa jikin mai wasa ne yake yanke hukunci a kan tsawon da ya dace.

Abin da doka ta tanada

Hukumomi biyu ne ke tsara dokokin wasan: R&A da ke garin St Andrews a Sikotilan, da USGA ta Amurka. Dokarsu ta ce kada sanda ta wuce inci 48, kimanin santimita 122, in ban da sandar tura ƙwallo rami. A shekarar 2021 Phil Mickelson ya lashe gasar PGA yana da shekara 50 da direba mai kusan inci 48. Daga watan Janairun 2022 aka ba masu shirya manyan gasa damar taƙaita tsawon zuwa inci 46.

A da, ana sassaƙa kan direba da itacen fasimon, ɗan'uwan kanyarmu a ilimin tsirrai, a sa masa ƙotar ƙarfe, tsawon duka bai cika wuce inci 43 da rabi ba. Da aka samu ƙota ta zaren kabon mai rashin nauyi da kai na ƙarfen taitaniyam, sai kamfanoni suka riƙa ƙara tsawo, har ta kai yawancin na kanti suna tsakanin inci 45 da 46.

Ribar tsawo

Idan mai wasa ya wulwula sanda, kanta yana zaga da'ira. Gwargwadon nisan kan daga tsakiyar da'irar, gwargwadon tazarar da zai ci a cikin lokaci ɗaya. Saboda haka, idan saurin juyawar jiki bai sauya ba, doguwar sanda za ta iso ga ƙwallo da gudu fiye da gajera.

Sai dai ribar ba ta taka kara ta karya ba. Ƙarin inci 1 a kan inci 45 kashi 2 ne kacal cikin 100, kuma da yake hannun mai wasa ma yana cikin faɗin da'irar, ƙarin gudun ba ya kai haka.

Abin da tsoka take biya

Kan direba yana da nauyin kimanin giram 200. Wuyar juya abu mai nauyi a ƙarshen sanda tana ƙaruwa ne da tsawon sau kansa. Ma'ana, ƙarin kashi 2 a tsawo yana jawo ƙarin kusan kashi 4 a wuyar juya kan.

A nan ne ilimin halittu ya shigo. A shekarar 1938 masanin nan na Ingila, A. V. Hill, ya yi gwaji da tsokar kwaɗo, ya nuna cewa tsoka tana rage saurin tsukewa idan kayan da take ja suka ƙaru. Tsokokin kwankwaso da baya da kafaɗa na ɗan Adam ma a kan wannan ƙa'ida suke. Mai ƙarfin jiki zai iya ɗaukar ƙarin nauyin ba tare da gudunsa ya ragu ba. Yaro ko dattijo kuwa, abin da tsawo ya ba shi, nauyi yana iya ƙwacewa.

Saiti da ƙwaƙwalwa

Daga lokacin da sanda ta kai ƙarshen ɗagawa sama zuwa saukarta a kan ƙwallo ba ya wuce kashi ɗaya cikin uku na sakan, haɗuwar sanda da ƙwallo kuma kimanin kashi ɗaya ne cikin 2,000 na sakan. Kafin saƙo ya tashi daga ido ya je ƙwaƙwalwa ya dawo hannu, aikin gama ya gama. Don haka ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke wajen ƙeya, wadda ke daidaita motsi, tilas ta shirya bugun tun kafin a fara shi, bisa abin da jiki ya saba.

Doguwar ƙota tana kambama kowane ɗan kuskure na wuyan hannu. Ƙwallon kuwa faɗinsa bai kai santimita 4 da rabi ba, kuma a tsakiyar fuskar sanda ne kawai yake karɓar cikakken ƙarfi. Idan aka same shi da gefe, gudunsa zai ragu, ya kuma karkace. Kuskuren digiri 1 kawai yana kautar da ƙwallo kimanin mita 3 da rabi a nisan mita 200. Wannan ne ya sa ƙwararru da yawa suke amfani da direba da bai kai na kanti tsawo ba. Tiger Woods ya lashe gasar Masters ta 1997 da mai inci 43 da rabi.

Yadda ake zaɓa

Mataki na farko shi ne mutum ya miƙe tsaye, hannuwa a sake, a auna daga wuyan hannunsa zuwa ƙasa. Tsayi kaɗai ba ya wadatarwa, domin mutum biyu masu tsayi ɗaya suna iya bambanta a tsawon hannu.

Na biyu, a barbaɗa hoda a fuskar sandar, a buga ƙwallo 10, a duba inda suka bar tabo. Sannan a sauko da riƙo ƙasa da inci 1 a sake. Tsawon da ya fi tara tabon a tsakiya shi ne na mai shi.

Na uku, idan ta kama a rage, daga wajen mariƙi ake yankewa. Yankewar tana sa a ji kan ya yi sakayau a hannu, don haka akan ƙara masa 'yan giram kaɗan na nauyi. A gwada sosai kafin a yanke, domin abin da zarto ya cire ba ya komawa.

Aiki ga malamai da ɗalibai

A samo sanduna uku masu tsawon santimita 80, 100 da 120, a ɗaura wa kowacce dunƙulen tsumma mai nauyi ɗaya a ƙarshe. A fili, nesa da jama'a, kowane ɗalibi ya bugi ƙwallon roba sau 10 da kowace sanda. A rubuta nisan kowane bugu da yawan waɗanda aka kuskure, a fitar da matsakaici, sannan a kwatanta sakamakon dogaye da na gajeru.

Kammalawa

Direban da ya dace shi ne mafi tsawon da mutum zai iya samun ƙwallo da tsakiyarsa a kai a kai, ko da na abokinsa ya fi shi. Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki. Ɗalibin da ya fahimci wannan zai iya yi wa kansa bayanin abin da ya sa maƙeri yake duban mai saye kafin ya sa wa fartanya ƙota.