Ko Akwai Ƙashin Kifin Wel a Ƙasarmu?

TAMBAYA: Na ji cewa a wasu garuruwan waje ana ajiye ƙoƙon kan kifin wel da ya zama dutse, jama'a na zuwa kallo. Ta yaya ƙashi ke zama dutse? Kuma in muka tona a nan wajenmu, ko a bakin Challawa, za mu iya dacewa da irinsa? Daga wani malamin firamare, Kurugu.

AMSA: Malam, a Kurugu dai da wuya ƙwarai. Dutsen da ke ƙarƙashin Ƙaraye da Rogo narkakke ne da ya daskare can cikin ƙasa fiye da shekara miliyan 500 da suka wuce, wani kuma zafi ya gasa shi har ya sauya kama. Irin wannan ba ya riƙe ƙashi. Wanda ke riƙewa shi ne dutsen da asalinsa laka ce. Dabba ta mutu, laka ta binne ta kafin ta watse, sai ruwa mai ma'adinai ya riƙa tsatsafowa cikin ƙofofin ƙashin yana cike su, har ya yi nauyi da tauri, siffarsa kuwa tana nan.

Akwai irin wannan laka a ƙasar Sakkwato. Shekara miliyan 70 zuwa 55 baya, teku ya ratso Sahara ya kwanta a kan Wurno da Dange da Goronyo. Farin dutsen Kalambaina da ake toya siminti da shi cike yake da ɓawon halittun ruwa. A yankin Goronyo aka tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku, dangin damo da guza, wadda masana daga Italiya suka raɗa wa suna Goronyosaurus a 1972. Amma ko a can ba za ka sami wel ba, domin tekun ya janye kafin a yi shi. Kakanninsa sun bayyana ne kimanin shekara miliyan 50 baya a yankin Pakistan da Indiya, da ƙafa huɗu, suna yawo a bakin ruwa. Ka gaya wa ɗalibanka: sunan kifi kawai ya ci, da huhu yake numfashi, kuma uwar tana shayar da ɗanta nono.

Najeriya tana da nata wel ɗin, sai dai a kudu. A Ameki, cikin jihar Abiya ta yanzu, aka sami muƙamuƙinsa da haƙora, masu shekara fiye da miliyan 40. Charles Andrews ya bayyana shi a 1920, ya sa masa Pappocetus lugardi, wato da sunan Lugga, gwamnan mulkin mallaka. Ƙasusuwan suna gidan tarihin halittu na Landan. Wannan yana ci mini rai: yaron Ameki bai taɓa ganin abin da ya fito daga ƙasar gidansu ba, balle na Kurugu.

Wasu ƙasashen Afirka sun fi mu a nan. A Wadi al-Hitan ta Masar, da UNESCO ta amince da ita a 2005, ƙwarangwal ɗin wel suna kwance a kan rairayi inda aka same su, baƙi na zagayawa. A gidan tarihin Boubou Hama na Yamai kuwa akwai ƙwarangwal ɗin dinoso da na wani ƙaton kada da aka haƙo a Gadufawa, yankin Agadas.

In mai haƙa rijiya ko mai ɗibar yashi a Challawa ya ci karo da babban ƙashi, mai yiwuwa na sa ne, ko na raƙumi, ko na dorina. Duk da haka kada a fasa shi, kada kuma a kai wa mai magani ya daka. A ɗauki hotonsa a inda yake kwance, a lura da zurfin ramin da irin ƙasar da ke kewaye da shi, a sanar da mai gari, sannan a tuntuɓi sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ko Gidan Makama a Kano.