Kafin Ka Tafi Kano Sayen Katin Girafik

Ɗana, mahaifiyarka ta faɗa mini kana tara kuɗi don ƙara wa kwamfutarka ƙarfi, wai gem ɗin ƙwallo yana tsattsayawa ana tsakiyar wasa. Ban ga laifinka ba. Mu ma a zamaninmu kaset da batirin rediyo sun ci kuɗinmu. Abin da ba na so shi ne ka kwashi abin da ka samu a tattasan rani ka kai Kano, ka zuba shi inda ba nan ciwon yake ba.

Duk abokanka katin girafik suke ambata, don shi ne mai suna. Kai fara da bincike. Kunna gem ɗin, ka buɗe Task Manager, ka dubi abu huɗu: furosesa, RAM, disk da girafik. Wanda ka ga ya cika maƙil alhali sauran suna hutawa, shi ne mai riƙe maka wuya. Kamar injin ban-ruwa ne a fadama: in tiyo ne ya toshe, ko ka sayo babban inji ruwan ba zai ƙaru ba.

Kuma a Haɗejiya, sau da yawa zafi ne da ƙura. A Afrilu da Mayu zafin garin nan yakan haura digiri 40, ita kuwa furosesa idan ta doshi digiri 100 da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Shi ya sa wasan ke tafiya sumul da asuba, da azahar ya riƙa jan ƙafa. Zare wuta, ka kwance murfin. Za ka tarar ƙurar hunturu ta daskare a haƙarƙarin ƙarfen da ke sanyaya furosesa, har iska ba ta ratsawa. Danne fankar da yatsa kada ta juya, ka hure ƙurar tas. Sannan ka ɗaga ƙarfen, ka goge busasshen man da ke tsakani, ka ɗiga sabo daidai ƙwayar wake. Kuɗin man nan bai kai kuɗin mota zuwa Kano ba, amma na sha ganin ya tashi kwamfutar da mai ita ya yanke ƙauna da ita.

Bayan nan sai RAM. In giga 8 gare ka, kai shi 16, kuma sanda biyu iri ɗaya sun fi guda ɗaya babba aiki. DDR3 ba ta shiga ramin DDR4, don haka ciro taka ka sa a aljihu, ka nuna wa mai shago a titin Beirut na Kano, ya fi dogon bayani. SSD kuma zai sa kwamfutar ta tashi da wuri, gem ya buɗe nan da nan, amma kada a ruɗe ka: ba ya sa ƴan wasa su fi gudu a fili.

In duk ka yi wannan ka ga lallai girafik ɗin ne, to a nan nake so ka natsu. Kwamfutarka tokumbo ce ta ofis, mai siririn akwati, kuma tukunyar wutarta, wato mai raba wa kayan ciki wuta, ƙarama ce. Kati irin GTX 1650 wat 75 yake ci, yawancinsa daga ramin da aka soka shi yake shan wuta, akwai ma gajere da ke shiga siririn akwati. RX 580 kuwa wat 185 yake nema, da waya ta daban. Za a nuna maka shi da araha, ka ji daɗi, sai ka iso gida ka ga sai ka sake tukunyar wuta, wataƙila har da akwatin. Arahar ma da dalilinta. Da yawansu masu haƙar kuɗin intanet ne suka yi ta kunna su dare da rana, har Ethereum, ɗaya daga cikin kuɗaɗen nan, ta daina wannan tsari a Satumbar 2022, aka juye su kasuwa. Araha ba ta ado. Ko wanne za ka saya, a sa shi a shagon, a kunna gem mai nauyi kamar rabin awa kana tsaye. Ka ga ɗige-ɗigen launi a allo, ko fanka tana gurnani, ajiye musu abinsu. Mai gaskiya ba zai hana ka gwaji ba.

Ka tuna duk kayan nan da dala ake shigo da su. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, farkon 2024 ta haura 1,500. Saboda haka abin da ya ƙone ba lallai ka iya maye gurbinsa ba. Ni da zan zaɓa maka, sitabilaiza mai kyau tana gaba da kati, don ka san yadda wutar gari ke zuwa, yau ƙasa gobe sama. Kuma bambancin wat 110 tsakanin katunan nan biyu, a fetur ɗin janareta ko batirin sola za ka riƙa biyansa kullum.

Duba shekarun furosesarka ma. Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida, in furosesar Intel ce, sai ƙarni na 8 zuwa sama. In taka ta girmi haka, tsaya a shara da SSD, wanda ko ka sake kwamfuta zai bi ka, sauran kuɗin ka adana. Bashi dai kar ka ci don gem, kar kuma ka taɓa kuɗin taki.

Na kuma ji a ƙasa kake ajiye ta, kan siminti. Ka manta 2022, da ruwa ya shiga gidaje daga Auyo har Guri? Nemi tebur ka ɗora ta kafin Agusta, nesa da bango kaɗan don iska ta samu hanya. Ranar Juma'a bayan masallaci ka zo da ita gida mu buɗe tare, ka taho da sukundireba, tawa tana hannun maƙwabci.