Sa Hannu a Bayan Takarda Ba Ya Mayar da Inshora Taka

Tambaya: Na sayi tsohuwar mota ina ɗaukar masara daga Birnin Gwari zuwa Kaduna. Takardar inshora da sunan tsohon mai ita take. Dillali ya ce tsohon mai motar ya sa hannu a bayanta kawai, kamar cek. Ya isa?

Amsa: Malam, bai isa ba. A harkar banki, wanda aka rubuta wa cek yana iya sa hannu a baya ya miƙa wa wani haƙƙin kuɗin, kuma idan cek ɗin ya dawo babu kuɗi, ana iya bin mai sa hannun. Inshora kuwa yarjejeniya ce tsakanin kamfani da mutum takamaimai. Kamfanin kaɗai ke da ikon sauya suna, ta hanyar ba da takardar gyara da za a haɗa da ta asali. Sau da yawa ma sabuwa za su ce ka yanka, kuma ni ita na fi so maka.

Ga inda ya fi damuna. Inshorar da doka ta wajabta tana biyan wanda ka yi wa ɓarna ne. Ba ruwanta da motarka ko buhunanka. Mai bin hanyar Buruku da gefen dajin Kamuku ya san abin da nake nufi. In za ka yanki wadda ta haɗa da motarka da kayanka, ka tambayi kamfanin ƙarara: fashi da harin 'yan bindiga suna ciki? In sun ce e, su rubuta, su buga hatimi. Ka kuma tabbatar kamfanin na da lasisin hukumar NAICOM kafin ka biya ko sisi.