Yadda ake mayar da lambar tushe takwas zuwa tushe goma

Tsarin tushe takwas, wanda masu kwamfuta ke kira oktal, yana aiki ne da alƙaluma takwas kacal, daga 0 zuwa 7. Da zarar ƙirga ta kai 7, sai a koma sifili a ƙara ɗaya a gurbin hagu. Shi ya sa 10 a wannan tsari take nufin takwas. Darasin yana cikin manhajar lissafi ta babbar sakandare, kuma yana fitowa a jarabawar WAEC da NECO da JAMB.

Abin da ke kayar da ɗalibai shi ne sabo. Ido ya saba da tushe goma, yana ganin 345 sai baki ya ce ɗari uku da arba'in da biyar. A ƙasar Bagudo, da ke kan iyaka da Jamhuriyar Benin, fahimtar wannan bai kamata ta yi wuya ba. Mai cin kasuwar Lolo, ko mai tsallakawa Segbana ta Jamhuriyar Benin daga Tsamiya, ya san in an ce dala ashirin ana nufin sefa 100, domin kowace dala sefa biyar ce. Adadin da aka faɗa daban, ƙimarsa daban. A tushe takwas ma, darajar alƙalami tana ga gurbin da ya zauna.

Ana ƙirga gurabun ne daga dama: na farko 1, na biyu 8, na uku 64, na huɗu 512, kowanne ya ninka na bayansa sau takwas. Ya dace ɗalibi ya haddace su. Sai a ninka kowane alƙalami da darajar gurbinsa a tara. A 345, 3 sau 64 ya ba da 192, 4 sau 8 ya ba da 32, sai 5. Jimilla 229.

Akwai hanya ta biyu da ta fi wannan sauri, ko da yake ba kowane malami ke koyar da ita ba. Ana farawa daga hagu: a ninka alƙalamin farko da 8, a tara na gaba, a sake ninkawa da 8, haka har a kai ƙarshe. Idan aka ɗauki 1072, 1 sau 8 da 0 ya zama 8. 8 sau 8 da 7 ya zama 71. 71 sau 8 da 2 ya zama 570. Amfaninta a fili yake, domin ba ta bari a tsallake sifilin tsakiya, wanda shi ne ke ruɗa lissafin gurabu ga mai gaggawa. Abin kiyayewa guda ne: bayan an tara alƙalamin ƙarshe ba a ƙara ninkawa.

Wasu kan ba gurbin farko darajar 8 maimakon 1, sai amsar ta ninku sau takwas. In kuwa aka ga 8 ko 9 a cikin lambar da aka ce ta tushe takwas ce, to an yi kuskuren kwafe tambayar.

Bayan ɗigo kuma gurabun raguwa suke: ɗaya bisa 8, sannan ɗaya bisa 64. Don haka 12.4 tana zama 10.5.

Tsarin bai tsaya a allon aji ba. Kowane alƙalamin oktal daidai yake da alƙaluma uku na tushe biyu, shi ya sa aka yi ta amfani da shi a tsofaffin kwamfutoci irin PDP-8 ta 1965, kuma har yau da shi ake rubuta izinin fayil a Linux, kamar 755. Lambar shaida da jirgin sama ke aika wa masu kula da zirga-zirga a ƙasa ita ma alƙaluma huɗu ce na oktal, daga 0000 zuwa 7777, watau lambobi 4,096. Ta neman agajin gaggawa ita ce 7700, wadda in aka mayar da ita tushe goma take zama 4,032.

Kafin a miƙa takarda, ya kamata a gwada amsar ta hanyar komawa baya. A raba 229 da 8, a samu 28 saura 5. A raba 28 da 8, a samu 3 saura 4. Sai 3 ta rage. Idan aka karanta daga ƙarshe zuwa farko, 3, 4, 5 za su fito, kamar yadda tambayar ta zo.