Kiran bidiyo da lambar da ba a tambayar mu



Mukan ga yayyenmu a shagunan kwamfuta na Ƙofar Kaura suna kiran bidiyo ta cikin Chrome, ba su sauke wata manhaja ba. Fasahar da ke wannan aiki sunanta WebRTC. Google ne ya sake ta kyauta a 2011, yanzu tana cikin Chrome, Firefox da Safari.

Tana iya haɗa na'urori biyu kai tsaye, murya da hoto su wuce babu ɗan aike a tsakani. Amma sai kowace ta san lambar IP ta ɗayar, wato adireshinta a intanet. Lambar ba ta nuna ƙofar gidanku, sai dai takan nuna kamfanin layinka da yankin da kake. A 2015 aka gano shafi na iya karanta ta ko mutum ya kunna VPN, irin wanda jama'a suka yi ta saukewa da aka rufe Twitter a Najeriya a 2021.

Abin da ya ba mu mamaki: kyamara da makirufo sai shafi ya nemi izini, lambar IP kuwa ba ya tambaya. Mu dai a kulob ɗinmu, baƙon shafi in ya nemi kyamara, "Block" muke dannawa mu rufe shi.