Kada a Yi Mata Allurar Kemis, Gwaji Take Buƙata

Tambaya: Likita, daga Kurfi nake. 'Yar ƙanena nake riƙo, shekarunta 15, tana makarantar kwana a Dutsin-Ma. Har yau ba ta fara al'ada ba, ƙirjinta bai fito ba, muryarta kuma ta soma kauri. Da ta zo hutu ta zauna tana kuka, ta ce ita a ranta namiji take jin kanta. Maƙwabciyata ta ce in kai ta kemis a yi mata allurar mata ta dawo daidai. Ita kuma yarinyar na gan ta tana neman maganin zama namiji a waya. Ina zan dosa?

Amsa: Hajiya, Allah ya saka da alherin riƙo. Kafin komai, kada ko ɗaya daga cikin magungunan nan biyu ya shiga jikinta. Dukkansu sinadarin homon ne, wato abin da jiki ke sarrafa balaga da shi, kuma wani aikin da suke yi ba ya warwaruwa. Homon na maza idan ya kaurara murya, ta kauraru ke nan har abada. Na mata yana iya daskarar da jini a jijiya, yana iya rufe girman ƙashi tun yarinya ba ta gama tsawo ba. Ƙari a kan haka, idan aka riga aka ɗura mata shi, sakamakon gwajin jinin da za a yi daga baya zai rikice.

Alamun da kika lissafa sun sa hankalina ya fi karkata ga jikinta. Akwai yaran da ake haifa al'aurarsu ba ta bayyana sarai ba, waɗanda muke kira mata-maza. Ungozoma ta duba ta ce mace ce, a raɗa suna, a huda kunne, shiru har balaga ta zo ta tono abin da ke ciki. Wani yaron namiji ne a halittarsa ta ciki, marainansa sun maƙale a mara ko a matsematsi, jikinsa ya rasa sinadarin da ke ƙera gaban namiji tun yana cikin uwa. Da ya kai shekara 12 zuwa 14 sai murya ta buɗe, kafaɗa ta faɗaɗa, al'ada kuwa ba za ta zo ba domin babu mahaifa. Wata kuma mace ce da mahaifarta da komai, amma wasu ƙananan halittu da ke zaune a saman ƙoda suna zubo homon na maza fiye da kima. Wannan na biyun gadonsa ake yi daga uwa da uba tare, shi ya sa auren zumunci ke ƙara yiwuwarsa, kuma idan iyaye biyu na ɗauke da shi, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu. Mai tsananinsa kan kashe jarirai a sati na biyu ko na uku da amai da bushewar jiki. Don haka ki tuna ko an taɓa rasa jariri a gidan iyayenta ta wannan hanya, ki gaya wa likita.

Addini bai bar wannan a duhu ba. Littattafan fiƙihu sun yi maganar hunsa, wato mata-maza, a babin gado tun ƙarnoni da suka wuce, kuma a 1989 Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ta zauna a Makka ta halatta a yi wa mai irin wannan halitta magani da homon ko tiyata bisa abin da ya rinjaya a jikinsa, ta hana hakan ga wanda halittarsa ta cika ba shubuha.

Yana kuma yiwuwa a gama gwaji a tarar jikinta lafiyayyen jikin mace ne da balaga ta yi wa jinkiri, amma ƙuncin da ke ranta yana nan. Likitoci sun san wannan ƙunci na matashin da ke jin jinsin jikinsa bai dace da shi ba, kuma ba ƙarya yake yi ba idan ya ce yana wahala. A kan ba irin waɗannan yara homon, masana kansu sun rabu. Likitocin Amsterdam a Holan ne suka fara tsarin dakatar da balaga da allura a shekarun 1990. Finlan a 2020 da Suwidin a 2022 sun taƙaita shi. A Ingila, rahoton Dakta Hilary Cass na Afrilun 2024 ya ce hujjar amfaninsa ba ta da ƙarfi, aka daina bayarwa sai a ƙarƙashin bincike. Manyan ƙungiyoyin likitocin yara na Amurka suna goyon bayansa a hannun ƙwararru, alhali jihohi fiye da 20 sun haramta. Sai dai babu ɓangaren da ya yarda yarinya ta sayo a kanti ta sha. Abin da kowa ya haɗu a kai shi ne a saurare ta, a duba damuwa da rashin barci, a tambaya ko ana cin zalinta ko wani ya taɓa ta.

Ki fara da babban asibitin Dutsin-Ma, ki nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Za a yi hoton ciki a ga ko akwai mahaifa, a auna homon a jini, a nemi gwajin ƙwayoyin halitta. Idan aikin ya fi ƙarfin nan, akwai Asibitin Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya. In an tarar da maraina a ciki kada a yi sakaci, wasunsu kan rikiɗe su zama daji. Kada kuma a yi gaggawar tiyata don gudun bakin mutane. Mai shekara 15 tana da ta cewa a kan jikin da za ta rayu da shi. Likitan ƙwaƙwalwa ma yana da amfani a nan, zuwa wurinsa ba hauka ba ne.

A gida kuwa, ki rufa mata asiri. Ki yi tunanin yarinyar da ke jiran ɗakin kwana ya watse kafin ta ɗauki bokiti ta nufi banɗaki, wadda ke amsa tambayar malami da raɗa don kada 'yan aji su yi dariyar muryarta. Ta ɗauki wannan ita kaɗai kafin ta iya furta miki. Duka, gori, ko ɗaura mata aure don "ta warke" zai ƙara tura ta bango ne. Maƙwabciya ba ta buƙatar ƙarin bayani. Mahaifinta da likita sun isa. Idan kika ji tana cewa gara ta mutu, ko ta daina cin abinci, ki kawar da fiya-fiya da magunguna daga ɗaki, kada ki bar ta ita kaɗai, ki kai ta asibiti a ranar.

Hajiya, ki nemi izini daga makaranta ku tafi cikin satin nan, kada ki jira wani hutun.